Gizaka Ba Ta Cizo, Ba Ta Harbi

Da zarar damina ta kankama, ganye ya yi kore shar a gidaje da lambuna, sai wata 'yar halitta ta bayyana wadda ba a cika kula da ita ba sai ta yi wa mutum aika-aika. Ina nufin tsutsar nan mai gashi da Bahaushe ke kira gizaka. Yaro ya kai hannu reshe, ko ɗalibi ya kwashe kayan da ya shanya a kan shingen furanni, kafin ka ce kwabo fata ta ɗau zafi, ta yi ja, ta yi rudu-rudu. Tambayar farko da za a yi ita ce, "Me ya cije ka?" A nawa ra'ayi, daga wannan tambaya matsalar take farawa, kuma mu ɗaliban harshe abin ya shafe mu kai tsaye.

Mu duba kalmomin da muke da su. Sauro yana cizo, domin da baki yake huda fata. Kunama da rina suna harbi, domin suna da ƙari da suke kai sara da shi. Gizaka kuwa ba ta yin ko ɗaya. Ba ta bin mutum, ganyenta kawai take ci, mutum ne ke goga jikinsa da nata. Makaminta iri biyu ne. Wasu suna da ƙayoyi masu rami a ciki, kowace a haɗe da 'yar jakar dafi. Da an taɓa sai tsinin ya karye a cikin fata, dafin ya zuba. Irin waɗannan ne korayen tsutsotsin nan na dangin Limacodidae da ke cin ganyen kwakwar manja a Afirka ta Yamma, kuma masu aiki a gonakin kwakwa sun san zafinsu. Wasu kuma gashi ne da su, siriri ƙwarai, mai ƙugiya, wanda ke zubewa ya maƙale a tufafi ko iska ta kwashe shi. Wannan gashi ba ya daina aiki don tsutsar ta mutu ko ta yi saɓa. Shi ya sa mutum kan kwana yana susa alhali bai ga komai ba.

To, ina ruwan nahawu da wannan? Ruwansa shi ne, kalmar da baki ya furta ita ke gaya wa hannu abin da zai yi. In an ce cizo, hannu ya tafi susa. In an ce harbi, sai a murza wurin, a shafa manja ko kananzir ko man goge haƙori. Duk waɗannan cusa gashin suke yi cikin fata, su kuma baza shi zuwa inda bai kai ba. Yatsun da suka yi susar su ne kuma za su koma ido. Amma in aka ce ƙaya ce ta shiga, ko ƙaramin yaro ya san ba a murza ƙaya, cire ta ake yi. Kuma hakan ne daidai: a manna salatif a wurin a ɓanɓare, a sake da sabo har sau da yawa, a wanke da ruwa da sabulu, a ɗora ƙanƙara a cikin ƙyalle, a tuɓe rigar a wanke ta daban. Idan ƙaiƙayin ya ƙi lafawa, akwai maganinsa a kemis. Idan kuwa gashin ya shiga ido, ko yaro ya sa tsutsar a baki, ko fuska ta kumbura, ko numfashi ya fara sarƙewa, musamman ga mai ciwon asma, to asibiti za a nufa ba tare da jira ba.

Kada mai karatu ya ɗauka wasan yara ne. A kudancin Barazil akwai wata mai suna Lonomia wadda dafinta ke hana jini daskarewa, ta kashe mutane, har sai da cibiyar Butantan da ke Sao Paulo ta haɗa maganin karya dafinta. A Landan kuwa, tun da aka gano wata mai cin ganyen itacen oak a 2006, hukumomi ke gargaɗin jama'a kada su taɓa ta ko sheƙarta. Waɗannan ba namu ba ne, na kawo su ne don a ga cewa wasu sun ɗauki zancen da muhimmanci har sun rubuta wa mutanensu bayani da harshen da suke ji.

Na san wani zai ce, ke nan wanda ya koyi Hausa a aji ne zai gyara wa masu ita magana? Sam ba haka ba ne. Uwa ta ci gaba da tambayar ɗanta me ya cije shi, babu mai hana ta. Maganata a kan rubutu ce da fassara. Daga cikinmu ne gobe za a sami masu fassara takardun wayar da kai na asibiti, da masu shirin lafiya a rediyo, da masu rubuta littattafan firamare. Ranar da aka miƙo mana takardar Turanci, abin da ya fi sauƙi shi ne mu buɗe ƙamus, mu ga kalmar da ke daidai da harbi, mu rubuta "harbin tsutsa", mu wuce. Kalma ta dace da kalma, amma an bar mai karatu da kananzir a hannu. Ita kanta "tsutsa" ta yi faɗi da yawa, tun daga ta cikin ɗan Adam har ta cikin ruɓaɓɓen mangwaro duk sunansu ke nan, kuma babu wanda zai ji ta ya tuna da shingen bayan ɗakinsa.

Ni dai in aikin ya zo hannuna, "ƙayar gizaka" zan rubuta, kuma jimlar da za ta biyo baya ita ce: kada a sosa, a nemo salatif.