Tarihinmu A Hannun Mai Tsire

Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, mun sayi tsire a bakin ƙofar makaranta, aka naɗe mana shi a cikin wata tsohuwar takarda, bayan mun cinye muka warware ta, sai muka ga ashe shafi ne na wata mujallar finafinan Hausa. Ga rabin fuskar wata ’yar wasa mai ya jiƙe ta, ga guntun wasiƙar wani mai karatu da ya rubuto daga garinsu yana yabon wani fim ko yana kushe shi. Mukan yi dariya mu jefar. To, ’yan’uwa ɗalibai, lokaci ya yi da za mu daina wannan dariya, domin mun je ɗakin karatunmu mun nemi cikakken jerin irin waɗannan mujallu tun daga fitowa ta farko, ba mu samu ba. Wanda ke shakka ya je nasu ɗakin karatun ya nema, ya dawo ya ba mu labari.

Abin da muke magana a kai shi ne duk wata takarda da masoya wata sana’ar nishaɗi suka buga, ko aka buga dominsu: mujallun fim, da kalanda mai hotunan ’yan wasa, da fostocin da ake mannawa a shagunan kaset, da bangon kaset ɗin kansa, da ’yan ƙananan littattafan nan na fassarar waƙoƙin Indiya, da littattafan soyayya waɗanda marubutansu suka buga da kuɗin aljihunsu. Amsar da aka saba ba mu idan muka tambaya ita ce wai waɗannan tarkace ne, ɗakin karatun jami’a kuwa ba juji ba ne. Mu kuma muna cewa wannan amsa ta raini ce, kuma raini ne mai tsada.

Bari mu kawo hujja. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa da ke Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lasafta shi a matsayin fim ɗin bidiyo na farko a Hausa. Kafin shekara goma abin ya zama babbar sana’a mai ciyar da dubban mutane. A 1998 mujallar Tauraruwa ta fito a Kano, a 1999 kuma Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim a Kaduna. A shafukan Tauraruwa ne, a 1999, Sunusi Shehu Burhan ya fara raɗa wa wannan sana’a sunan da ya zama Kannywood, shekara uku kafin jaridar New York Times ta yaɗa sunan Nollywood a 2002. Shin da me za mu tabbatar da wannan gobe idan wani ya musa? Da takardar nan da muke jefarwa. Ran da kwafinta na ƙarshe ya shiga hannun mai tsire, hujjarmu ta koma ji-ta-ji-ta.

Bugu da ƙari, finafinan wancan zamani da yawa a kan kaset ɗin bidiyo aka fitar da su, kaset kuwa yana lalacewa, na’urar kallonsa ma ta yi wuyar samu. Akwai finafinan da abin da zai rage daga gare su nan gaba shi ne tallarsu a mujalla, da sunayen waɗanda suka shirya su, da sharhin da aka yi a kansu. Sa’an nan ga shafin wasiƙu, inda ɗinki da mai shago da matar aure da ’yar sakandare suka faɗi ra’ayinsu da bakinsu kan aure da saki, da rawa da waƙa, da abin da suka ɗauka al’ada ce da abin da suka ɗauka baƙo ne. Takardun gwamnati suna ajiye muryar gwamna da kwamishina. Muryar talaka mai kallo fa, a ina za a same ta in ba a nan ba?

Waɗansu ƙasashe sun riga mu gane wannan. A Amurka masoya labaran ƙagen kimiyya sun fara buga ’yan mujallunsu da hannunsu tun 1930, lokacin da wata ƙungiya a Chicago ta fitar da The Comet. A cikin irin wannan mujalla ce, a 1933, waɗansu samari biyu, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka fara buga labari mai ɗauke da sunan Superman, sunan da daga baya ya zama dukiya mai yawa. A lokacin babu malamin jami’ar da zai dubi takardar sau biyu. Amma a 1969 Jami’ar Bowling Green ta buɗe ɗakin karatu musamman don al’adun gama-gari, Jami’ar Kalifoniya da ke Riverside kuma ta tara dubban irin waɗannan mujallu a sashenta na Eaton. Ba don sun fi mu son wasa ba ne, sai don sun san da tsohuwar zuma ake magani.

Abin takaicin ma yana kusa da gida. ’Yan littattafan kasuwar Onica, waɗanda suka yi tashe kafin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, an raina su a lokacinsu, kasuwar kuma ta ƙone a cikin yaƙin. Yau Jami’ar Kansas ta Amurka tana da tarinsu, har ta ɗora waɗansu a intanet. Mu ma nan Arewa, lokacin da littattafan su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka cika kasuwa, waɗansu masana suka tsaya gardamar ko sun isa a kira su adabi. Ana cikin gardamar, Farfesa Graham Furniss na makarantar SOAS da ke Landan yana tarawa, har shi da Malami Buba da William Burgess suka fitar da kundin sunayen littattafan da aka buga tsakanin 1987 da 2002, aka buga shi a Jamus a 2004. Ba mu zargin wanda ya tsinci abin da muka zubar. Muna dai tambaya, shin ya dace ɗalibin Hausa ya nemi biza kafin ya karanta abin da aka buga a Kano? Ba banza ba marubutan nan suka sa wa ɗaya daga cikin ƙungiyoyinsu suna Raina Kama.

Mun san abin da za a ce. Za a ce a cikin takardun nan akwai abin da ya saɓa wa tarbiyya. Mun ji wannan magana a 2007, lokacin da aka ƙona littattafan Hausa a bainar jama’a a Kano a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. To amma ajiye abu ba yarda da shi ba ne. Gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna cike yake da rahotannin Turawan mulkin mallaka waɗanda suka rubuta son ransu a kan kakanninmu, babu kuma mai hankalin da ya ce a ƙona su, domin da su ake kama marubutansu. Ko mai son ya nuna ɓarnar wani littafi, sai ya sami littafin kafin ya nuna.

Za a ce Hausarsu ba ta da kyau, ba sa bin ƙa’idar rubutu. Wannan ma hujja ce a gare mu, domin mai nazarin harshe da ke son ya san yadda matasan Kano da Kaduna suke magana da rubutu a wajen 2000, nan zai duba. Za a ce kuma yanzu komai yana intanet. Ina mujallun da aka buga kafin kowa ya riƙe waya, wa ya ɗora su? Abin da ke shafin Facebook na wani kuwa, ran da aka rufe shafin ya tafi ke nan.

Daga ƙarshe za a ce babu kuɗi. Nawa ne kuɗin mujalla guda a wata? Dokar Ɗakin Karatu Na Ƙasa ta 1970 ta ma wajabta wa duk mai buga littafi ya kai kwafi uku kyauta. Wanda ya buga littafinsa da kansa ya kai kasuwa sau da yawa bai san da dokar ba, saboda haka wajibin ma’aikacin ɗakin karatu ne ya taso daga kujerarsa ya bi shi har kasuwa.

Lokaci kuwa ba ya jira. Takardar da ake buga waɗannan abubuwa mai araha ce, da kanta takan yi ja ta rinƙa karyewa. Ƙarfen da aka ɗinke ta da shi yana tsatsa ya ci tsakiyarta, damina ta kawo danshi, gara ta ƙarasa sauran. Malamai irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi shekaru suna nazarin wannan fage da ƙoƙarin kansu, amma nauyin al’umma bai kamata ya rataya a wuyan mutum guda ba.

Saboda haka muna kira ga hukumomin jami’o’inmu da su keɓe sashe a ɗakunan karatu don waɗannan takardu, a cire musu ƙarfe, a sa su a kwali nesa da ƙasa, a rubuta sunan kowace da shekararta, a ɗauki hotonta shafi-shafi. Muna kira ga sassan Hausa da na aikin jarida da su tura ɗalibai wurin mawallafa da tsofaffin masu shagon kaset tun suna raye. Mu kuma ɗalibai, hutu mai zuwa kowa ya buɗe akwatin yayarsa da adakar innarsa, ya nemi izini, ya kawo abin da ya samu ofishin ƙungiya, mu haɗa mu miƙa a rubuce, a ba mu shaidar karɓa. In muka yi sakaci, ’ya’yanmu za su yi ihu bayan hari, laifin kuwa ba na mai tsire ba ne. Allah Ya sa mu farga.