WA ZA MU KIRA KUTURU?

A ƙauyenmu ba a kiran mutum kuturu sai yatsunsa sun gundule. Wannan, a ganina, shi ne babban kuskuren da harshenmu ke yi wa wannan cuta, domin kuwa ba mu ba ta suna sai ta gama ɓarna.

Tun muna yara muke jin cewa kuturta gado ce, ko kuwa sakamakon gama kifi da nono, ko rantsuwa bisa ƙarya. Duk babu ko ɗaya. Ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda wani likita ɗan ƙasar Norwe, Armauer Hansen, ya gano a shekarar 1873. Tana fita daga hanci da bakin majiyyacin da bai fara shan magani ba, ta shiga wanda ya daɗe yana cuɗanya da shi. Gaisawa ko zama kusa da shi a mota ba sa sa a kamu, kuma jikin kusan mutum 95 cikin 100 kan kashe ta da kansa. Tana iya kwanciya shekara biyar, wani lokaci har ashirin, kafin ta bayyana. To, yaron da ya tashi ɗaki ɗaya da mahaifinsa mai cutar, in ta fito masa bayan ya girma, me zai hana a ce gado ne?

Likitoci sun kasa ta kashi-kashi. Ridley da Jopling sun raba ta gida biyar a 1966, bisa ƙarfin garkuwar jikin mai ita. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta sauƙaƙa ta koma gida biyu. Mai tabo ɗaya zuwa biyar, wanda ba a ga ƙwayar a fatarsa ba, zai sha magani wata shida. Wanda tabonsa ya haura biyar, ko cutar ta taɓa masa jijiya, wata goma sha biyu. Maganin, watau haɗin dapsone da rifampicin da clofazimine, kyauta ake ba da shi tun 1995.

Abin lura a nan shi ne, rabon likitoci daga tabo ya fara, namu kuwa daga dungu. Tabon nan mai haske wanda ba ya jin taɓi, ba ya ƙaiƙayi, ba mu da wata kalma tsayayya da ke faɗakar da mai shi. Sai a ce makero ne ko ƙyasbi, a shafa mai, har jijiya ta mutu. Daga nan wuta ta ƙone hannu ba a ji ba, ƙaya ta soki ƙafa ba a sani ba, gyambo ya ci yatsa.

Wani zai ce aikin likita ne, ina ruwan Sashen Hausa? Ni kuwa na ce da ruwanmu. Mutumin da ya kammala magani a Yadakunya ko Amanawa ba ya ɗauke da cuta, amma har ya mutu kuturu muke ce masa, a hana 'yarsa miji. Mai tabo da ke kallon wannan, yaya zai kai kansa asibiti? Ina roƙon malamanmu masu aikin fassarar kalmomin kimiyya su zauna da ma'aikatan asibitin Saye da ke Zariya, a samo suna ga tabon farko, a kuma samo wani ga wanda ya warke.