Dokar Ingila Ta Tsare Yara Daga Hotunan Batsa

Ya ku malamai da attajirai, ga wata doka da aka kafa a Ingila wadda ta isa a dube ta da idon basira. A shekarar 2023 Majalisar ƙasar ta zartar da dokar tsaron intanet, sa'an nan tun daga ran 25 ga Yuli, 2025, aka wajabta wa duk kamfanin da ke baje hotunan batsa ya tabbatar mai shiga ya cika shekara 18. A dā tambaya ɗaya ake yi, yaro ya ce i, ƙofa ta buɗe. Yanzu sai an kawo shaida: ko katin bashi na banki, ko hoton fasfo, ko kuwa na'ura ta dubi fuskar mutum ta ƙiyasta shekarunsa. Hukumar Ofcom ce ke tsaron dokar, tana da ikon cin tarar fam miliyan 18, ko ushirin cinikin kamfanin na duniya duka, duk wanda ya fi yawa.

Shekara 18 ba baƙon abu ba ce ga malamai, gama ita ce haddin balaga a mashhurin mazhabar Malikiyya in sauran alamomi ba su bayyana ba. Sabon abu shi ne wanda aka aza wa nauyi. An sauke shi daga kan yaro an ɗora wa mai haja, kuma a ganinmu daidai ke nan, don mai cin riba shi ya kamata ya biya mai gadi.

Amma fa da sauran gyara. Ana soma aiki da dokar sai mutane suka yi rububin VPN, watau dabarar da ke nuna kamar mutum yana wata ƙasa, yaro mai wayo kuwa ba ya kasa koyonta. Wannan ma da sauƙi. Babbar damuwa ita ce amana. Duk wanda ya yi fatauci ya sani ba a ba da ajiya sai ga fatoman da aka sani, ga shi ana ce wa baligi ya miƙa hoton fasfonsa ga kamfanin da bai san mazauninsa ba. A watan Oktoba 2025 kamfanin Discord ya ba da sanarwa cewa mai yiwuwa ɓarayi sun kai ga hotunan takardun shaida na mutum wajen 70,000, ta hannun wani ɗan kwangilarsa. Kiyaye irin waɗannan takardu aikin wata hukuma ce dabam, ana ce mata ICO, ita ya kamata a matsa wa ta tilasta a shafe hoto da zarar an gama duba shi.