Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Kebbi Kan Rajistar Haihuwa, Mutuwa, Aure Da Saki A Ƙasar Zuru

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kebbi,
Kwamared Dokta Nasir Idris, Ƙauran Gwandu,
Gidan Gwamnati, Birnin Kebbi.



Ina roƙon Allah ya yi maka jagora a kan wannan nauyi da jama'a suka ɗora maka tun ranar 29 ga Mayu, 2023.

Ranka ya daɗe, idan aka ambaci Zuru a gabanka, na san abin da ke fara faɗo maka a rai shi ne tsaro da hanya da takin zamani, kuma sun cancanci haka. Ni kuwa kukan da na kawo na wata matsala ce marar ƙara, wadda ba a yi mata zanga-zanga, amma tana cin mutanen Zuru da Danko/Wasagu da Fakai da Sakaba a hankali. Magana ce ta takardu huɗu: ta haihuwa, ta mutuwa, ta aure da ta saki. Yawancin mutanenmu ana haihuwarsu, su yi aure, su rabu ko su mutu, ba tare da hukuma ta rubuta ko layi ɗaya a kansu ba. Sai ranar da buƙata ta taso ake fara zarya, alhali ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san amsar da za a fara ba ka: wannan aikin Gwamnatin Tarayya ne. Akwai gaskiya a ciki, amma rabinta ce. Doka mai lamba 69 ta 1992 ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa, ta kuma damƙa aikin ga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, tare da ba iyaye kwana 60 su kai rahoton haihuwa. Sai dai Kundin Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya lissafa rajistar haihuwa da mutuwa da aure cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Haka kuma ikon da ya ba Tarayya kan ƙulla aure da raba shi bai haɗa da auren Musulunci da na gargajiya ba, waɗannan ya bar su ga jihohi. Galibin asibitocin da ake haihuwa a cikinsu na jiha ne ko na ƙananan hukumomi. Kotunan da ake raba aure da gado, hakimai da dagatai da masu unguwanni, makarantun firamare, duka a ƙarƙashin inuwarka suke. Abuja tana da fom da hatimi, amma mutanen da suka san wa aka haifa daren jiya a Senchi ko Ribah, kai ne kake da su.

Kai malamin makaranta ne kafin ka zama gwamna, har ka shugabanci Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa. Don haka ba sai an ba ka labarin ranar ɗaukar 'yan aji ɗaya ba. Hedimasta zai ce wa yaro ya ɗora hannunsa na dama bisa ka ya taɓo kunnensa na hagu. In ya taɓo, ya isa shiga makaranta, in bai taɓo ba, sai baɗi. Sannan a tambayi uba yaushe aka haife shi, ya ce ai da kaka ce, ana yankan dawa, shekarar da aka yi fari. Malam ya ɗaga kai ya yi lissafi, ya rubuta 1 ga Janairu. Wannan ranar da aka ƙaga ita ce za ta bi yaron. Idan ya girma ya je yin lambar NIN, ya faɗi wata ranar daban. Ranar cike fom ɗin JAMB, wadda tun 2021 ba ta karɓar ɗalibi sai da NIN, sai a ga takardu ba su yi daidai ba. Daga nan sai kotu, a yi takardar rantsuwa ta shekaru, a nemi takardar tabbatarwa daga Hukumar Ƙidaya, a biya kuɗin gyara. Abin da za a yi kyauta a makon suna, ya koma cin kuɗin buhun masara bayan shekara 18.

Ƙididdiga ma ta nuna haka. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya gano cewa kashi 43 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajista a Nijeriya. Wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021 ya kai kashi 57. Karkarar Arewa tana ƙasa da wannan ma'auni, rajistar mutuwa kuwa ta fi ta haihuwa rauni nesa ba kusa ba. A yau takardar rantsuwa ta maye gurbin littafin rajista. Kowa ya taɓa tsayawa bakin kotu ya ga yadda abin yake: mai buga takardu a gindin bishiya, 'yan kamasho suna tarar mutane tun daga ƙofa, dattijo yana rantsuwa a kan ranar da shi kansa bai tabbatar ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Inda babu rajista, nan ake rage shekaru don a daɗe a aiki, nan kuma sunan mamaci ke ci gaba da karɓar albashi ko fansho.

Maganar aure ta fi shafar mu a Zuru fiye da wurare da yawa, domin a ƙasarmu gida ɗaya kan haɗa Musulmi da Kirista da mai bin al'adar kakanni, kuma ta hanya uku ake ƙulla aure. Akwai wanda aka ɗaura a masallaci ko a zaure, da waliyyi da shaidu da sadaki. Akwai na coci. Akwai kuma na gargajiyar Dakarkari, inda saurayi da abokansa ke yin golmo, su yi shekaru har bakwai suna noma a gonar surukai kafin a ba shi mata. Duk garin ya shaida wannan aure, gumin da aka zubar a kansa ya fi ƙarfin musu, amma babu ofishin da ya rubuta shi. Na masallaci ma galibi shaidarsa a ƙirjin shaidu take, su kuwa shaidu mutuwa suke yi, ko su yi ƙaura, ko su manta. Na cocin ne kaɗai ke da tsayayyen tsarin takarda a ƙarƙashin Dokar Aure ta Tarayya, shi ma sai idan cocin yana da lasisi kuma an bi ta hannun magatakardan aure da sanarwar kwana 21. Ma'aurata da yawa ba su san haka ba, sai rigima ta kai gaban alƙali su ji cewa takardar da suka adana a akwati ta albarka ce kawai.

Saki kuma ya fi ban tausayi. Auren da aka yi bisa Dokar Aure, Babbar Kotu ce kaɗai ke raba shi, bisa dokar 1970, kuma akwai kundin shari'ar. Amma sakin da ya fi yawa a cikinmu, da baki ake furta shi cikin fushi, ko a yagi takarda daga littafin makarantar yara a rubuta layi biyu a aika da shi. Bayan wata shida miji ya ce saki ɗaya ya yi kuma ya yi kome, mata ta ce uku ne. Yaushe idda ta fara, yaushe ta cika? Cikin da ya bayyana na wane ne? In ta yi wani aure, tsohon miji ya taso ya ce da igiyarsa a kanta. Alƙalan kotunan shari'a sun gaji da irin wannan ƙara, wadda layi ɗaya a littafi mai kwanan wata da sa hannun shaidu biyu zai kashe ta tun ba ta taso ba. Addini bai hana rubutu ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. In har bashin kuɗi ya cancanci alƙalami, ina ga abin da ya shafi nasaba da gado?

Sai mutuwa. Ranka ya daɗe, Zuru ƙasar sojoji ce. Ita ta haifi Manjo Janar Muhammadu Sani Sami da Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, da dubban kurata da ba a san sunayensu ba sai a gidajensu. Idan ɗayansu ya kwanta dama a Borno, ko tsohon ma'aikaci ya rasu a gida aka binne shi kafin la'asar, matarsa tana fita takaba ta shiga wata jarabawar. Ofishin fansho da banki za su nemi takardar shaidar mutuwa da takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu. Sannan a ce ta kawo shaidar cewa ita matarsa ce, yaran kuma nasa ne. Matar da aka aura da golmo shekara 30 da suka wuce, me za ta miƙa? Za ta ɗaure 'yan takardunta a leda, ta sayar da akuya ta yi kuɗin mota, ta bi hanyar Dabai zuwa Mahuta zuwa Koko, a ce mata je ki ki dawo. In dangin miji marasa tsoron Allah ne, tumuninta da rabon marayunta sun tafi ke nan.

Rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin. A watan Maris na 2022, 'yan sa-kai sama da 60 ne 'yan bindiga suka kashe a kwanton ɓauna guda a yankin Sakaba. Kowannensu ya bar iyali, kuma kowane iyali yana da haƙƙin riƙe takardar da ta ce wane ya rasu ranar kaza a wuri kaza. Ƙauyukan da aka ƙona a Danko/Wasagu, tare da rumbuna aka ƙona 'yan takardun da mutane suka mallaka. Takardar da ba ta da kwafi a ofis, in ta ƙone ta ƙone har abada. Tsofaffin littattafanmu ma sun sha yawo: wanda aka haifa a Zuru a 1960 ya zauna a Jihar Arewa, ya koma Jihar Arewa Maso Yamma a 1967, Jihar Sakkwato a 1976, sannan Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991, duk bai bar unguwarsu ba. A kowane sauyi fayiloli sukan rarrabu, gara da ɗigar ruwa su ƙarasa sauran.

Saboda haka ga roƙona, Allah ya taimake ka.

Na farko, a ƙulla yarjejeniya da Hukumar Ƙidaya a samar da tebur ɗaya na waɗannan takardu a sakatariyar Zuru da Ribah da Mahuta da Dirin Daji. A manna a bango, da Hausa da C'lela, abin da ake buƙata, da abin da yake kyauta, da kuɗin wanda ake biya, a kuma riƙa ba da rasit. Tun ranar 8 ga Nuwamba, 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da tsarin rajista ta kwamfuta. Abin da ya rage mana shi ne ma'aikaci da wutar sola da intanet a inda talaka zai iya kaiwa da ƙafa ko da mashin.

Na biyu, a mayar da littafi hannun waɗanda ba a yin komai sai da su. Ba a raɗa suna sai da liman ko fasto, ba a haƙa kabari mai unguwa bai sani ba, ungozoma kuwa ita ce ta fara ganin jariri. A ba su littafi mai lamba da ɗan alawus, su miƙa wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi duk ƙarshen wata. Ranar suna da ranar allurar rigakafin farko duka suna cikin kwana 60 ɗin da doka ta tanada. Jihar tana da mazaɓu 225, a fara da na masarautar Zuru a ga yadda za ta kaya.

Na uku, a aika wa Majalisar Dokoki ƙudurin rajistar auren Musulunci da na gargajiya da kuma saki, bayan an tuntuɓi malamai da shugabannin coci da sarakuna. Ya zama kyauta, kuma dokar ta fayyace cewa rashin takarda ba ya ɓata aure. Shaida ake nema wa mata da yara, kada a mayar da ita wata sandar dukan talaka.

Na huɗu, a yi koyi da maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar, da muke iyaka da su ta Kamba. Can alƙali da ma'aikatan rajista kan tashi takanas su je ƙauye, su zauna a bainar jama'a, su saurari shaidu, su ba wanda ya makara takardarsa nan take. Mu ma da rani a bi ranakun kasuwa da wuraren da 'yan gudun hijira suka fake, a kuma bi makarantu lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai.

Na biyar, a tattara tsofaffin littattafan kotuna da asibitoci da na zamanin En'e, a ɗauki hotonsu a kwamfuta, a ajiye kwafi a Zuru, kwafi a Birnin Kebbi.

Akwai sharaɗi guda da sai an kiyaye. Mutanen karkara ba su manta cewa a da, idan aka zo rubuta suna, haraji da jangali ne ke biyo baya. Ranar da aka jingina wannan rajista da karɓar kuɗin shiga, ranar za a daina kawo sunaye. Sai an faɗa musu a masallaci da coci da rediyo da dandalin bikin Uhola cewa littafin nan don gadon 'ya'yansu ne da makarantarsu.

Gwamnati ma za ta ci riba. Rabon Nijeriya da ƙidayar jama'a tun 2006. Gwamnan da ya san yara nawa aka haifa bana a Fakai ya san azuzuwa nawa zai gina nan da shekara 6, wanda kuma ya san me ke kashe mata a Bena ya san inda zai tura ungozoma da magani. Ina roƙon ka ware wa wannan aiki kaso a kasafin kuɗi mai zuwa, ka ɗora shi a wuyan kwamishina guda da za a riƙa tambaya, kuma duk wata uku a bayyana wa jama'a adadin da kowace ƙaramar hukuma ta rubuta.

Allah ya ba ka ikon sauke nauyi, ya zaunar da ƙasar Zuru da Jihar Kebbi lafiya.

Wassalam.

Naka mai fatan alheri,
Wani ɗan ƙasar Zuru.