Mun San Hanyar Gidan Mari, Ba Mu San Hanyar Asibiti Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya karrama ɗan Adam da hankali, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ranar wata Asabar bayan an tashi Islamiyya, mahaifiyar wata ɗalibata ta tare ni a bakin ƙofa. Babban ɗanta ya faɗa shan ƙwaya, ya kai ga sayar da keken ɗinkinta, dare ya yi sai ya kama surutu shi kaɗai. Ta ce, "Malam, ina zan kai shi?" Wallahi na san sunan masu ruƙiyya fiye da biyar a unguwarmu, amma ban san ranar da likitan ƙwaƙwalwa ke ganin marasa lafiya ba. Kunyar wannan jahilci nawa ce ta sa ni wannan rubutu.

Ya 'yan'uwana malamai, mu faɗa wa kanmu gaskiya. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutane kusan 300, manya da yara, da yawansu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Wata bai cika ba aka ga irin haka a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne. Sun rasa mafita ne, kuma ƙofar da aka nuna musu ke nan. Wa ya kamata ya nuna musu wata? Mu da suke zama gabanmu kowace Juma'a.

Wasu za su ce zuwa asibiti raunin tawakkali ne, abin na aljanu ne. Ni ban musanta aljanu ba, ban raina ruƙiyya ta shari'a ba. Amma Annabi (SAW) da ya koyar da ruƙiyya shi ne ya yi umarni da neman magani. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya rubuta Masalihul Abdan wal Anfus, ya yi bayanin baƙin ciki mai tsanani da waswasi a matsayin cututtuka masu magani. Asibitin Mansuri da aka gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali. Ashe gadonmu ne muka yar, muka dawo muna kiransa na Turawa.

Wasu kuma su ce ɗan ƙwaya shi ya jawo wa kansa, duka ne maganinsa. Shaye-shaye haramun ne, babu ja. Sai dai Bukhari ya ruwaito labarin mutumin da aka sha kawowa saboda giya, wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa yana son Allah da Manzonsa. Kuma jikin da ya saba da ƙwaya irin su roci, in aka yanke masa ita farat ɗaya babu kulawar likita, yana iya kamuwa da jijjiga har ta kai ga rasa rai. Ina sarƙa za ta hana wannan?

Lamarin ba ƙarami ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 a Nijeriya na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. A shekarar ce aka hana maganin tari mai kodin, amma hani bai warkar da wanda ya riga ya kamu ba.

To ina hanyar? Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano. Asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano da na Shika, suna da sashen wannan fanni. Hukumar NDLEA, bayan kamu, tana da sashen ba da shawara da gyaran hali. Wanda ke nesa ya fara da babban asibitin garinsu, ya nemi takardar tura shi gaba. A Janairun 2023 kuma aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958, ta hana azabtar da majinyaci da wulaƙanta shi.

Na san likitocin sun yi kaɗan, layi na da tsawo, magani na da tsada. Wannan dalili ne na mu matsa wa gwamnonin jihohinmu da 'yan majalisarmu, kuma kwamitin kowane masallaci ya ware wani abu daga zakka da sadaka don kuɗin mota da maganin talakan da ya kamu. Kowane limami ya san asibiti mafi kusa da ranar ganin likita kamar yadda ya san lokutan salla. Tsare hankali yana cikin manufofi biyar na shari'a, kuma za a tambaye mu game da shi.

Matar nan na raka ta da ɗanta asibiti da kaina. Yana shan magani, ya taɓa zamewa sau ɗaya, ya sake tashi. Ku sa shi a addu'a.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya shiryi matasanmu. Wallahu a'alam.