Minsharin Wanda Ya Bugu a Ka Ba Barci Ba Ne

A yawancin azuzuwanmu, idan aka zo darasin numfashi, huhu kaɗai ake zanawa a allo. A ganina darasin bai cika ba, kuma giɓinsa yana iya cin rai. Huhu ɗan aike ne. Umarnin shaƙar iska daga gindin ƙwaƙwalwa yake fitowa, wato sashen da ake kira medula, wanda ke daidai ƙeya, a bakin kafar da laka ke bi ta sauka.

Ƙoƙon kan baligi ba ya buɗawa, kuma abu uku ne suka cika shi: ƙwaƙwalwa, da jini, da ruwan da ke kewaye da ita. Idan jini ya taru a ciki bayan haɗarin babur, ko ƙwaƙwalwa ta kumbura saboda sanƙarau, sai matsi ya ƙaru, ya tura ƙwaƙwalwa zuwa waccan kafa, ya danne medula. A 1901 wani likitan tiyata ɗan Amurka, Harvey Cushing, ya nuna cewa jini yana hawa idan wannan matsi ya tsananta. Bugun zuciya kuma ya ragu, numfashi ya rikice, ya tsaya, ya dawo. Da zarar numfashi ya yi rauni, iskar kabon dayoksaid takan taru, ta buɗa jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, matsin ya daɗa ƙaruwa.

Wasu malamai za su ce wannan ilimin likitoci ne, ba na sakandare ba. To, amma wa ke tsaye a kan yaron da ya faɗo daga bishiya? Ai ɗalibi ne ko malaminsa. Wanda ya bugu yana iya tashi garau, ya yi hira, bayan sa'o'i ya fara amai da ciwon kai, barci mai nauyi ya ɗauke shi. Minsharin da ke biyo baya alama ce ta suma, harshe ya tare hanyar iska. Jama'a kuwa sai su ce a bar shi ya huta.

Saboda haka a koya wa ɗalibai: kada a jira numfashi ya rikice, domin alama ce ta ƙarshe-ƙarshe. Kada a ɗura masa ruwa, kada a jujjuya wuyansa, a garzaya da shi asibiti. Mai hawa babur kuma ya sa hular kwano.