Tsofaffin injunan Riruwai: ƙarfen kilo ko dukiya?

Tun da farashin kuza ya faɗi a kasuwar Landan a 1985, haƙar ma'adinai a Riruwai ta ja baya, injunan aikin suka koma hannun tsatsa da 'yan gwangwan. Su kuwa a kan sikeli suke saye.

Nan asarar take. Injin tsohuwar Land Rover ko Bedford ba nauyi ke ba shi daraja ba. An daina ƙera shi, kuma masu farfaɗo da irin waɗannan motoci a Ingila lambar asali da ke jikinsa suke dubawa, su tabbatar kayansa na ainihi ne. Da zarar guduma ta farfasa shi, ko dillalin Ƙofar Ruwa a Kano kuɗin ƙarfe kawai zai biya.